Ba a Ƙara wa Gishiri Gishiri

A Aveiro, inda teku ke miƙe ƙafa har cikin gari,
kakana Aurélio yana noman gishiri.
Shekara hamsin da ɗaya yana jan katako a fadamar ruwan zartsi.
Ni kuwa kwana tara ina jan linzamin kwamfuta,
ban tara ko cikin cokali ba.

Shafi muke so a yanar gizo.
Na manna ƙananan takardu a bangon kicin:
nan tarihinmu, nan farashi, nan taswirar hanya,
nan yadda buhu zai isa Hamburg bai sha raɓa ba.
Goggo Ermelinda ta ɓalle ɗaya, ta rubuta cefane a bayanta,
ta tafi kasuwa da ɗaki guda na gidan da nake ginawa.

Sai filin da ke tambaya, su wane ne ku?
Fari fat, kamar tulin da ke bakin ruwa.
Ɗan layin nan yana ƙifta mini ido, yana ƙiftawa,
kamar mai bin bashi da ya san ina ciki.

Na rubuta: gishirin da babu kamarsa a duniya,
zinariyar teku, hawayen rana.
Da dare na karanta masa, yana zare ƙayar kifi da yatsu.
Bai ɗago ba. Ya ce, "Benedita,
yaushe na ɗanɗana na duniya?
Ko Faransa ban taɓa takawa ba.
Share. Ba a ƙara wa gishiri gishiri."

Na ce, to me zan gaya wa baƙo
da zai leƙo da tsakar dare daga wata ƙasa,
numfashi biyar zai ba mu kafin yatsansa ya wuce?
Ya ce, "Gaya masa iskar arewa ce abokiyar aikina,
ba ta zuwa kan lokaci, ba ta karɓar albashi.
Gaya masa dugadugaina sun tsage tun ba a haifi uwarki ba.
In bai tsaya ba, dama ba namu ba ne."

Muka sa Talata ranar hotuna.
Custódio mai kamara ya zo daga Porto da jaka uku.
Na goge wa kaka shuɗiyar riga, ya ƙi sakawa.
Ƙarfe goma hadari ya haɗo daga yamma,
gishirin da ya kwana biyu yana yi wa man shanu dariyar rana
ya ga ta kansa.
Muka ruga da tamfol, goggo ko takalmi babu,
aikin mako uku yana zarewa ta tsakanin yatsunmu,
yana komawa wurin uwarsa.

Hoto ɗaya aka samu.
Tsoho tsaye tsamo-tsamo, hula a hannu,
bakinsa a buɗe, ba a san dariya ba ce ko zagin sama.
Shi na ɗora a ƙofar shafi, na rubuta a ƙasansa:
Bana gishirin kaɗan ne, ruwa ya karɓi rabonsa.
Buhu arba'in ya rage. In ya ƙare, sai baɗi.

Ƙarfe ɗayan dare na danna maɓalli.
Kaka ya daɗe da yin minshari.
Baƙo na farko goggo ce, daga ɗakin da ke kusa.
Na biyu wata mata ce daga Bergen,
ba ta tambayi farashi ba,
ta ce, tsohon nan bai kamu da mura ba kuwa?

Da safe na tsinci takardar da ta ɓata a aljihun goggo:
albasa, man zaitun, sabulu.
Na juya bayanta, ga rubutun hannuna:
kar a manta lambar waya.